Kuɗin Daji: Nawa Ne, Kuma Wa Ke Riƙe Da Lissafinsu?

Tambayar wannan makon ta fito ne daga wata ɗalibar aji biyar na sakandare a Gummi. Malaminsu na nazarin halittu ya shaida musu cewa Najeriya ta sa hannu a wata yarjejeniyar duniya ta kare dazuzzuka da namun daji da sauran halittu, kuma gwamnati na ware kuɗi kowace shekara saboda wannan aiki. Ita kuwa so take ta san nawa ne kuɗin, kuma nawa ne daga ciki ya taɓa isowa yankinsu.

Tambayar gajeriya ce, amma manyan ƙasashen duniya sun shekara fiye da talatin suna kai-komo a kanta. Don haka ku gyara zama.

Abin da malamin ke nufi shi ne wanda masana ke kira bambancin halittu. Kada sunan ya ruɗe ku, abu ne da kuka sani tun kuna goye. Shi ne ɗorawar da ake daddawa da kalwarta, da kaɗanyar da ake man kaɗe da 'ya'yanta, da kukar miya, da tsamiyar kunu, da kanya da ɗinya da taura da magarya da kuke tsinka a hanyar gona. Shi ne gawon da ke zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, da rani kuma ya yi wa dabbobi inuwa da abinci. Shi ne tarwaɗa da karfasa da kurungu na Gulbin Zamfara, da zumar da ke cikin amya, da zabin daji da fakara da gada da damo. Har irin dawa da gero na gargajiya da kakanninmu suka adana a rumbu yana ciki. Duk gidan da ke Anka ko Gummi ko Bukkuyum, in aka bi tukunyar miyarsa da jarin uwar gidan, za a tarar wani abu daga cikin waɗannan ne ke riƙe da su.

Ku tambayi iyayenku yadda mahauta take a da. Za su ce muku ungulu ne cike da ita, har sai an kora. Yau yaro na iya gama firamare bai taɓa ganin ungulu ido da ido ba. A 2015 ƙungiyar IUCN, mai riƙe da rajistar halittun da ke fuskantar barazana a duniya, ta sanya irin ungulun da muka saba gani a garuruwanmu a matakin da ke dab da ƙarewa. Guba da farautarta don sayar da sassan jikinta ga masu tsibbu na cikin abin da ya cinye ta. Ita ce ke kwashe mushe kyauta kafin ya ruɓe ya jawo cuta, kuma babu wanda ya taɓa biyanta albashi. Gauraka ma haka, sai dai a waƙa da karin magana.

To, ina maganar kuɗi ta shigo?

A 1992 ƙasashen duniya suka taru a birnin Rio na Birazil suka ƙulla yarjejeniyar kare bambancin halittu. Najeriya ta tabbatar da shigarta a 1994. Kusan duk ƙasashen duniya na ciki, ban da Amurka, wadda ta sa hannu amma majalisarta ba ta taɓa amincewa ba. A 2010 aka sake zama a Japan aka gindaya manufofi 20 da ake son cimmawa kafin 2020. Da shekarar ta zo aka duba, ko guda ɗaya ba a cika ta gaba ɗaya ba. Cikin dalilan da aka bayar har da ƙarancin kuɗi, da kuma rashin sanin takamaimai abin da kowace ƙasa ke kashewa.

Shi ya sa da aka haɗu a Montreal ta Kanada a watan Disambar 2022, aka fito da sababbin manufofi 23, kuma aka sa wa kuɗi lamba. Manufa ta 19 ta ce a riƙa tara aƙalla dala biliyan 200 kowace shekara kafin 2030, daga gwamnatoci da 'yan kasuwa da sauran hanyoyi. Daga ciki ƙasashe masu arziki su riƙa bai wa masu tasowa aƙalla dala biliyan 20 a shekara kafin 2025, su kai biliyan 30 kafin 2030. Rigimar wa zai riƙe asusun da yadda za a ƙirga kuɗin ta yi zafi har taron birnin Cali na Kolombiya a 2024 ya watse ba a kammala ba, sai da aka koma birnin Rum a Fabrairun 2025 aka ƙarasa. Abin da ya shafe mu a nan shi ne, kowace ƙasa za ta riƙa kai rahoto, kuma cikin rahoton akwai gurbin da za ta rubuta abin da ita kanta ta kashe daga aljihunta. An tsayar da ƙarshen Fabrairun 2026 a matsayin wa'adin rahoto na bakwai.

A takarda abu ne mai sauƙi: rubuta abin da ka kashe. A aikace kuwa nan gizo ke saƙar.

Matsala ta farko, kuɗin ba a tukunya ɗaya suke ba. Wasu na Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, wasu na Hukumar Gandun Daji ta Ƙasa, wasu na ma'aikatar gona ko ta albarkatun ruwa, wasu na jihohi 36, wasu na ƙananan hukumomi 774, wasu kuma bashi ne ko tallafi daga waje. Wanda zai ba ɗalibarmu amsa sai ya bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya ya tattara.

Matsala ta biyu ta fi wuya, ita ce me za a ƙirga. A ce ma'aikatar muhalli ta sayi motoci biyar. Kuɗin kare halittu ne? A ce an yi taron bita na kwana uku a otal a Abuja kan ceton namun daji. Shi fa? An gina magudanar ruwa da siminti a cikin gari don hana ambaliya: aiki ne mai kyau, kuma muhalli ake kiransa, amma ko ɗorawa ɗaya bai ceta ba. A 2025 gwamnatin tarayya ta amince da ɗaukar dakarun tsaron daji masu ɗauke da makamai. Albashinsu kuɗin tsaro ne ko kuɗin daji? In aka ga dama duk sai a zuba su a gurbi ɗaya, lambar ta kumbura, a kai wa duniya rahoto mai kyan gani, alhali ungulu ba ta dawo ba.

Hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fito da wata dabara tun 2012, a wani shiri mai suna BIOFIN. Ana ɗaukar kasafi layi-layi, kowane layi a tambaye shi: kashi nawa na kuɗin nan ne ya tafi kai tsaye ga kare halittu? Albashin ma'aikacin da ke gadin gandun namun daji sai a ƙirga shi duka. Aikin noman da ya haɗa da barin itatuwa a gona a ƙirga wani kaso. Magudanar siminti a ba ta kaɗan ko a bar ta. Daga nan a lissafa abin da ƙasar ke buƙata, a cire wanda take kashewa, giɓin ya fito fili. Da ƙasar Filifin ta yi wannan lissafi, ta tarar abin da take kashewa bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na buƙatarta ba. Lambar ba ta da daɗin ji, amma wanda ya san zurfin rijiya shi ya san tsawon igiyar da zai saya.

Matsala ta uku ita ce wadda nake so ku riƙe ko da kun manta sauran. Kuɗin gwamnati hawa huɗu gare su. Ku ɗauki kayan Sallah. Baba ya ce bana kowa zai samu shadda: wannan shi ne kasafi. Ya ciro kuɗin ya miƙa: wannan shi ne sakin kuɗi. An yanko yadi an kai wa tela an biya shi: wannan shi ne kashewa. Ranar Sallah riga ta shiga wuyanka kuma ta yi maka daidai: wannan shi ne sakamako. A kowane hawa abu na iya maƙalewa. Yawancin lambobin da kuke ji a rediyo, "an ware biliyan kaza", na hawan farko ne, maganar Baba ce kawai tukuna.

Babu inda aka ga wannan ƙarara kamar a ƙasar Anka, kuma da yawanku ba a haife ku ba ko kuna rarrafe lokacin da abin ya faru.

A farkon 2010 agwagi suka fara mutuwa a wasu ƙauyukan yankin. Ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci. Bayan su sai yara ƙanana, da amai da ciwon ciki da farfaɗiya. A watan Maris na shekarar ma'aikatan ƙungiyar Likitoci Na-gari Na-kowa, wato MSF, suka lura da yawan mutuwar, bincike kuma ya nuna gubar dalma ce. Duwatsun zinaren da ake haƙowa suna ɗauke da dalma mai yawa, ana kawo su cikin gidaje ana daka su, ana niƙa su da injin niƙan hatsi, ƙurar tana sauka a tsakar gida inda yara ke wasa. An ƙiyasta yara kimanin 400 suka rasu. Dareta, Abare, Sunke, Duza da Tungar Daji a ƙaramar hukumar Anka, 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum, duk abin ya taɓa su. Daga baya masana suka ce mutuwar agwagin nan gargaɗi ce da ba a karanta ba. Dabba ta riga mutum jin gubar.

An kwashe gurɓatacciyar ƙasa a waɗancan ƙauyuka bakwai tsakanin 2010 da 2011. Aka bar Bagega, wadda ta fi su girma, da yara kimanin 1,500 da ke buƙatar magani. Likitocin ba za su iya fara ba su maganin ba sai an tsabtace garin, domin yaron da aka wanke wa jini ya koma wasa cikin ƙura mai guba aikin banza aka yi. A watan Mayun 2012 gwamnatin Shugaba Goodluck Jonathan ta yi alkawarin naira miliyan 850. Jaridu suka buga, aka yi murna. Damina ta zo ta wuce, kaka ta zo ta wuce, kuɗi suna hawan farko.

Nan ne wasu matasa suka shigo. Hamzat Lawal, wanda lokacin bai kai shekara talatin ba, da abokin aikinsa Oludotun Babayemi suka kafa wani yunƙuri mai suna Follow The Money, ma'ana bi sawun kuɗi. Suka je Bagega da kansu, suka ɗauko hotuna da muryoyin mutanen garin, suka riƙa tambaya ɗaya tilo a Twitter da Facebook da gidajen jarida: ina miliyan 850? Ƙungiyar Human Rights Watch da MSF suna matsa lamba ta nasu ɓangaren, jama'a suka yi ta rubutu a shafin shugaban ƙasa na Facebook, Sanata Bukola Saraki da ke shugabantar kwamitin muhalli na Majalisar Dattawa ya shiga maganar. A ƙarshen Janairun 2013 aka saki kuɗin. Aka raba su tsakanin ma'aikatun muhalli da ma'adinai da lafiya, aka fara kwashe ƙasa, a watan Afrilu kuma likitoci suka fara ba yaran Bagega magani. Matasan ba su tsaya a nan ba, sun ci gaba da bin kowace ma'aikata da tambayar me ta yi da kasonta. MSF ta ci gaba da aikin dalma a Zamfara har farkon 2022, sannan ta miƙa shi ga hukumomi.

Me ya sa bin sawun ya yi aiki a Bagega? A ganina saboda kuɗin na da suna, suna da adadi, suna da garin da za su je, kuma akwai wa'adi, tunda in damina ta sauka hanyar garin ba ta biyuwa kuma aikin kwashe ƙasa ba ya yiwuwa. Kowa zai iya gane ko an yi ko ba a yi ba. Kuɗin daji kuwa galibi ba su da ko ɗaya daga cikin huɗun nan. Layin kasafi zai ce "dashen itatuwa a jihohin arewa maso yamma", ba gari, ba adadin itace, ba ranar gamawa. Sannan yaron Bagega yana da uwa mai kuka da likita mai magana a madadinsa. Kaɗanya in aka sare ta aka yi gawayi ba ta kai ƙara. Sai bayan shekaru, lokacin da mata suka ga tafiyar tsintar 'ya'yan kaɗe ta ninka, ake sanin an yi asara.

Yanzu mu duba bututun da kuɗin muhalli ke bi su iso Zamfara, don ku san inda za ku kasa kunne.

Akwai Asusun Kula da Muhalli da aka kafa a 1981 da kashi 1 cikin 100 na asusun tarayya, aka ɗaga shi zuwa kashi 2 a 1992. Yanzu tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi kowa na da kasonsa a rabon wata-wata, kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana wallafa rahoton rabon. Daga kason tarayya doka ta ba hukumar agajin gaggawa ta NEMA kashi 20 cikin 100, ta ba hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa kashi 15. Wannan hukuma ta biyu an kafa ta a 2015 don tare hamada a jihohi 11, kuma Zamfara na cikinsu. Akwai kuma shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a Disambar 2021 da dala miliyan 700 don jihohin arewa 19 da Abuja, da burin farfaɗo da hekta miliyan ɗaya na ƙasar da ta lalace. Ku lura da kyau, wannan bashi ne mai sauƙin ruwa, ba kyauta ba. Lokacin da za a yi nisa da biyansa ku ne masu biyan haraji. Ko don wannan kaɗai kuna da hurumin tambaya.

Ta ɓangaren gandun daji na ƙasa, Zamfara ba ta da ko ɗaya. Mafi kusa shi ne Kamuku a Birnin Gwari, wanda ke manne da gandun Kuyambana na ƙaramar hukumar Maru, shi kuma Kuyambana a hannun jiha yake. A 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya amince da ƙarin gandaye 10, ciki har da Falgore a Kano da Kogo a Katsina da dausayin Haɗeja a Jigawa, babu na Zamfara a jerin. Ma'ana, nauyin dazuzzukanmu ya fi karkata kan kasafin jiha, can ya kamata ido ya fi zuwa.

Ga wani sirri da ko wasu ma'aikata ba su damu da shi ba. Kasafin jihohi yanzu ana tsara shi da lambobi iri ɗaya, kuma akwai shafin da ke raba kuɗi bisa aikin da za su yi. Lamba 705 ita ce kare muhalli. A ƙarƙashinta 7051 kwashe shara ce, 7053 rage gurɓata ce, 7054 kuwa ita ce kare bambancin halittu da shimfiɗar ƙasa. Wanda ya sauke kasafin Jihar Zamfara a waya ya nemo 7054 zai ga abin da aka rubuta a hawan farko. In ya sauke rahoton aiwatar da kasafi da jihohi ke fitarwa duk wata uku, ya nemo lambar, zai ga abin da aka ce an kashe. Raba na biyu da na farko, ka ninka da 100, ka samu kason da ya sauko daga maganar Baba zuwa hannun tela. Lissafin aji ɗaya ne na ƙaramar sakandare. Lambar ba za ta kama komai ba, tunda wani aikin daji yana ɓuya a ƙarƙashin noma ko ruwa, amma mafari ce mai kyau. In kun tarar gurbin babu komai, wannan ma amsa ce.

Na san abin da wasunku ke cewa a zuci: wane daji? Gaskiya ne. Dazuzzukan Sunke da Gando da makamantansu sun zama sunayen da ake ji a labaran tsaro, kuma ko manomi bai isa gonarsa ta nesa ba, balle ɗalibi. Ina jan kunnenku da babbar murya, kada wani ya ce zai shiga daji duba aikin gwamnati. Ba a aike ku ba. Amma wannan hali shi ya sa lissafin takarda ya ƙara zama dole. Wurin da ido ba ya zuwa, nan ne ya fi sauƙi a rubuta "an dasa dubu hamsin" a wuce. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kuma kada mu manta, yanka burtali da makiyaya da gandun daji ana rabawa gonaki na cikin abubuwan da suka hura wutar rikicin manoma da makiyaya tun farko. Rashin kula da daji da rashin tsaro ba baƙin juna ba ne.

Abin da ke cikin gari kuwa ana iya ƙirga shi. Kusan kowace damina ana bikin dashen itatuwa, a kafa rumfa, manya su dasa ɗaya-ɗaya a zuba ruwa da buta, a ɗauki hoto. Wa ke komawa a watan Afrilu, bayan rani da awaki sun yi nasu aikin? Ga misali na lissafi kawai, ba na wani aiki na gaske ba. A ce an kashe naira miliyan 20 an dasa tsirrai 10,000, kowane ya tashi a kan naira 2,000. In bayan shekara guda 1,000 ne suka rayu, ainihin kuɗin kowane itace ya zama naira 20,000. Rahoton da ya tsaya a ranar biki zai ce aiki ya yi arha. Wanda ya jira bazara shi ya san gaskiyar farashin.

Sannan wane iri aka dasa? Ba ni da faɗa da darbejiya, ta yi wa garuruwanmu inuwa kuma tana jure fari. Amma ita da itacen turare baƙi ne da aka shigo da su, kuma layin darbejiya dubu ba daji ba ne. Ba ta ba da kalwa, ba ta ba da man kaɗe. In aka ce kuɗin kare bambancin halittu ne, kamata ya yi a ga ɗorawa da kuka da tsamiya da marke da madaci a cikin abin da aka dasa.

Yawan kuɗi ma ba shi kaɗai ne ma'auni ba, kuma hujjar tana maƙwabtanmu. A yankin Maraɗi, tun shekarun 1980, manoma suka koma wata dabara da suke kira sassaben zamani. Maimakon a ƙone kututture a share gona fes, sai a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi daga tohon da ke fitowa a tsohuwar saiwa, a datse sauran, a bar su su girma. Ba gandun reno, ba tankar ruwa, ba ɗan kwangila. Da manomi ya tabbata itacen gonarsa nasa ne, sai abin ya bazu har Damagaram. Masu bincike sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200 suka farfaɗo ta wannan hanya. Mafi yawan aikin guminsu ne, bai shiga kasafin kowa ba. Don haka in ana ƙirga abin da aka kashe, a tambayi abin da ya tsiro. Yarjejeniyar Montreal ma ta lura da ɗaya gefen: manufa ta 18 ta nemi a rage tallafin da gwamnatoci ke bayarwa ga ayyukan da ke lalata halittu da dala biliyan 500 a shekara. Wanda ke zuba ruwa da kofi yana fasa randar da dutse, lissafin kofin kaɗai ba zai gaya maka komai ba.

To ga aikin da ƙungiyar muhalli ko ta muhawara ko ta 'yan jarida ta makarantarku za ta iya yi, da jagorancin malami. Ku nemo lambar 7054 a kasafin jiha na bana da na bara. Ku duba allunan ayyuka da ke cikin gari, irin waɗanda ake kafawa a bakin aiki, ku kwafe sunan aikin da hukumar da ta bayar da shi. Manhajar Tracka ta ƙungiyar BudgIT da shafin baitulmalin tarayya da aka buɗe a Disambar 2019, inda ake wallafa biyan da ma'aikatu suka yi na sama da naira miliyan 5, za su taimaka wajen ayyukan tarayya. In bayani ya ɓuya, akwai Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011. Ta bai wa kowane mutum damar rubuta wa hukuma takarda, ba sai ya faɗi dalilinsa ba, kuma hukumar na da kwana 7 ta amsa. A 2025 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa dokar ta hau kan jihohi ma. Takardar ta zama gajeriya kuma cikin ladabi: sunan aikin, wurin da aka yi shi, nawa aka ware, nawa aka saki, wa aka bai wa kwangila, iri nawa aka dasa. Ku riƙe kwafi mai hatimin karɓa. Tambaya kuke yi, ba zargi ba, kuma kada ku rubuta sunan kowa da laifin da ba ku da shaidarsa. Wani lokaci za ku tarar ma'aikacin gandun daji na ƙaramar hukuma ya fi ku son a yi tambayar, don shi ma ya daɗe bai ga kuɗin man babur ba.

Ɗaya aikin ba ya buƙatar waya ko intanet. Ku zauna da tsofaffi uku a unguwarku, a ciki a samu mace, in da hali a samu mafarauci ko masunci, su lissafa muku itatuwa da tsuntsaye da kifayen da suka sani suna yara, su nuna waɗanda yanzu ba a gani. Ku rubuta da sunayensu na Hausa yadda suka faɗa, da sunan garin da kwanan wata. Sannan ku ƙirga duk itacen da aka dasa a harabar makarantarku bana, ku sake ƙirgawa kafin ruwan farko na baɗi.

Makarantar da ta kammala ko da ɗaya daga cikin waɗannan, daga Anka ko Gummi ko Bukkuyum ko wani wuri, ta aiko mana ta hannun malaminta. Za mu buga lambobin a wannan shafi da sunan makarantar, mu jera na kowace ƙaramar hukuma kusa da na 'yar uwarta. Sai mun ji daga gare ku.